Kiran Dada a Nasarawo

Mai zuwa Gombe daga Kano hanya biyu ce a gabansa. Ko ya bi ta Ningi ya faɗa Bauchi, daga nan ya miƙe gabas ta Alkaleri, ko kuma ya yanke ta Gwaram da Darazo ya ɓullo ta Dukku. Direbobin haya sun fi son ta biyun don ta fi kusa, man fetur kuwa yanzu ba abin wasa ba ne. Ita muka bi. Bayan ƙaramar Sallah ne, bazara ta kankama, irin zafin nan da tun hantsi kujerar mota ke ƙona cinya. Mun bar Mariri da sassafe, muka haye gadar Wudil rana ba ta gama ɗagowa ba, muka wuce Takai da Kwanar Huguma, sai ga duwatsun Birnin Kudu.

Kira ne ya fito da ni. Ƙanen wani abokin karatunmu na sakandare, wanda ya rasu muna aji shida, shi ya bi diddigi har ya samo lambata. Ya ce mahaifiyarsu na son ganin wani daga cikin 'yan ajin marigayin, kuma ta ce ba maganar waya ba ce. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Tsohuwa ta yi kira, abin da ya rage shi ne neman kuɗin mota.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ba ya wuce Birnin Kudu bai leƙa ta taga ba, saboda tsohuwar kwalejin gwamnatin garin, wadda ta yaye irin su Abubakar Rimi da Aliko Dangote. Tamu makarantar ba ta kai ta suna ba, amma fasalin ɗaya ne: dogayen ɗakunan kwana, gadajen ƙarfe masu hawa biyu, akwatin kowa a ƙarƙashin gadonsa da kwaɗo, tagogi a rufe da dare saboda sauro da masu dogon hannu. A irin wannan ɗaki abokin nan nawa ya kwanta wani dare a watan Maris na 1996 yana cewa kansa zai tsage.

Wanda ya yi wayo a Arewa a lokacin ya san shekarar sanƙarau. Alƙaluman da aka tattara sun nuna mutum sama da 100,000 ne suka kamu a Najeriya cikin 'yan watanni, sama da 11,000 suka rasu, har Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya zuwa Hajjin shekarar. An fi jin labarin Kano, inda annobar ta haɗu da ƙyanda da amai da gudawa, inda kuma kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200 a Asibitin Zana, rigimar da ba a sasanta ba sai a 2009. Amma cutar ba ta tsaya a Kano ba. Jama'a kan ce zafi ne ke kawo ta. Likitoci sun ce ƙwayar na zaune a hanci da maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta kwantar da su ba. In iska ta bushe, ƙura ta tashi, sai cikin hanci da maƙogwaro ya yi rauni, ƙwayar ta samu kafar shiga jini, ta kai ga mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tari da atishawa ke yaɗa ta, cunkoso kuma shi ne abincinta. Shi ya sa da zarar ruwan sama ya sauka sai ta lafa. Ɗakin kwanan samari masu yawa, a watan Maris, da taga a kulle, ba abin da ta rasa a cikinsa.

Da safe aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, don shi kowa ke fara zato. Kafin la'asar wuyansa ya ƙage, ba ya iya kai haɓarsa ƙirji, hasken taga ma ba ya son gani. Aka ɗauke shi a motar makaranta. Bai kwana uku ba. Mu kuwa aka hana mu fita ko nan da ƙofa, aka jera mu a filin taro aka bi mu da allurar bindiga a dantse, sannan aka sallame mu gida. Cikinmu ba wanda ya tsaya a kan gawarsa.

Daga Darazo zuwa Dukku sai an haye Kogin Gongola a gindin Gombe Abba. Ruwan ya janye, sai yashi fari da 'yan lambuna a gefe. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya nuna garin da leɓe ya ce wa jikansa, "Ka ga Gombe ta gaskiya nan." Bai yi ƙarya ba. Nan Modibbo Buba Yero, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa cibiyar mulkinsa, nan kuma kabarinsa yake. Turawa ne suka ɗauke sarautar zuwa Nafada a 1913, suka sake dawo da ita Doma a 1919, wurin da a yau shi kowa ke kira Gombe. Marigayin ya haddace wannan tarihi tsaf, ba don jarrabawa ba, don gardama. A lokacin ana ta fafutukar neman Jihar Gombe, shi kuma ya mai da kansa wakilinta a ajinmu. Kullum yana tsokanar 'yan Bauchi cewa da sumuntin Ashaka da audugar Gombe ake riƙe da su. An ba da jihar ranar 1 ga Oktoba, 1996, a jawabin Janar Sani Abacha, wata shida da 'yan kwanaki bayan an binne shi. Yana ɗan Jihar Bauchi ya rasu, abin da da za a ba shi zaɓi ba zai yarda da shi ba.

A Dukku muka yi sallar Azahar. Garin na kan tudu, ruwansa na da nisa a ƙasa, don haka ko butar alwala aka miƙo maka sai ka ji nauyin zubar da ita. Muka wuce Bojude, sai gangara zuwa Gombe.

Ƙanen nasa na jirana a Tashar Dukku da babur. Da na san shi ɗan yaro ne da ake riƙo wa hannu ranar ziyara; yanzu magidanci ne har da tumbi. "Hamma, sannu da hanya," ya ce, ya karɓi jakata ya ɗora a kan tanki. Muka ratsa gari muka nufi gabas. Gombe ta yi faɗi ta kowace fuska, tituna sun yi kyau, amma tsofaffin ƙasusuwanta na nan: layin dogon da ya iso garin a 1963, da unguwar da har yau ake kira Bisije, da sunan kamfanin Turawan Ingila masu sayen auduga. Garin a kwari yake, ruwa na gangarowa daga tudun yamma ya nufi gabas, shi ya sa unguwannin wannan ɓangare suke fama da zaizayar ƙasa. A unguwarsu Nasarawo ya nuna mini wani kwazazzabo da ya ce da yana yaro tsallake shi suke yi da gudu. Yanzu sai an zagaya.

Gidan na ƙasa ne da aka yi wa shafen sumunti. Zaure, sai tsakar gida da dalbejiya, awaki biyu a ɗaure. Mahaifiyar tasu, Dada, na zaune a tabarma a inuwar ɗakinta, carbi a hannu. Na cire takalmi na durƙusa.

"Dada, mun same ku lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, ɗana. Matso in gan ka."

Na matsa. Ta daɗe tana kallon gemuna. Sannan ta ce wa ɗanta, ba ni ba, "Ka gani, har ya yi furfura." Ta tambayi 'ya'yana nawa, babbar ta kai aure ko da saura, ina hawan jini ko babu. Ba tambayar gaisuwa take yi ba. Lissafi take yi: da yanzu nata ma ya kai nan.

Har na bar gidan ban ji sunansa a bakinta ba. Ɗan fari ne, ita kuwa Bafulatana ce ta asali, kunyar ɗan fari ba ta barinta ta kira shi ko yana raye. "Abokinku" take cewa, ko "wancan yaron". Ƙanen ya gaya mini daga baya cewa ranar rasuwar ma ba a ga hawayenta ba, sai da ta shiga bayan ɗaki. Amma 'yan ajinmu ta san su ɗaya bayan ɗaya, da kamanninsu. Ina dogon nan ɗan Kumo mai in'ina? Ina ɗan Deba da ya cinye mini dambu a ƙofar makaranta ya ce a ƙaro? Ina ɗan Billiri mai wushirya, wanda ya zo mana Sallah ya ci tuwo ya fi masu azumi? Na ba ta labarin kowa. Biyu sun riga mu gidan gaskiya, ta yi musu addu'a.

Sai da na sha fura da kindirmo, aka yi la'asar, sannan ta sa aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gadonta. Akwatin ƙarfe ne baƙi mai zanen jan fure, irin wanda kowannenmu ya je makaranta da shi, lambar ɗakin kwanansa na nan da farin fenti a murfi. Yadda makaranta ta aiko da shi haka yake. Farar riga biyu, kofin roba, cokali mai lanƙwasasshen wuya, fitilar ƙwai ba gilashi, da littattafan rubutu. Ta zaro ɗaya, na darasin tattalin arziki, ta buɗe bangon baya ta miƙo mini.

Rubutunsa ne, mai kwanciya hagu. Jerin haruffa ne da lambobi, layi tara ko goma, kusan duk an soke su da biro. Biyu ne ba a soke ba. Ɗaya "M. shago 15", ɗaya "B. 20".

Ta ce ranar jana'iza an yi shela kamar yadda aka saba, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Ba wanda ya fito. To amma wa zai fito? Mutanen unguwa ba sa bin yaro ɗan makaranta bashi. Waɗanda zai ci bashinsu suna can an kulle su a makaranta. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya sha ce mata yaro ne, ta bar zancen. Ta bari, amma zancen bai bar ta ba. A azumin da ya wuce ta ji malami a rediyo yana bayanin yadda bashi ke riƙe mamaci har sai an biya masa, daren nan ba ta runtsa ba. Ita ba ta yi boko ba, ƙanen kuma ya karanta bai gane ba. "Kai ka zauna da shi," ta ce. "Duba mini."

Ban sha wahala ba. Mai shago dattijo ne da ke da 'yar rumfa a bakin ƙofar makaranta, yana ba mu garin kwaki da sukari da ƙuli bashi zuwa ranar ziyara. B kuwa ɗan Billirin nan ne mai wushirya, don da sunan garinsu muke kiransa. Na ma tuna abin da aka yi da kuɗin: cinikin wani takalmin ƙwallo ne na hannu, wanda bai kai ƙarshen zango ba ya yage.

A nan zan faɗi abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke tuna shi. Muna da zauren tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, kuma duk shekara in Maris ya zagayo sai wani ya saka hotonsa, addu'o'i su yi ta zuba. Addu'a ba ta yawa. Amma a hankali mun wanke yaron har ya daina kama da kansa. Wani ya ce shi ne na ɗaya a aji, wani ya ce da ya rayu da likita ne, wani ya ce bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ba haka yake ba. A lissafi tsaka-tsaki ne. Yana da baki, in ya sa ka a gaba da tsokana sai ka yi kamar ka yi kuka. Ya iya ƙwallo amma ba ya ba da ita. In an kawo masa kilishi daga gida sai ya raba har ya rasa na kansa, gobe kuma ya zo yana lallashinka ka ranta masa. Umarnin da aka yi mana shi ne mu ambaci alherin mamatanmu mu kame baki daga aibinsu, ba a ce mu ƙirƙira musu wani hali ba. Wannan bangon littafi, da sokakkun layukansa, ya fi duk abin da muke rubutawa nuna ko shi wane ne: yaro mai cin bashi, mai kuma rubutawa ya biya.

Sai gardama ta tashi tsakanina da ƙanen kan nawa za a biya. Shi ya ce limaminsu ya ce abin da aka ranta shi ake mayarwa, Naira 15 ita ce Naira 15. Ni na ce ai akwai malaman da suka duba faɗuwar darajar kuɗi. A 1996 takardar Naira 50 ce mafi girma a ƙasar nan, litar fetur kuma Naira 11. Yau kuwa Naira 15 ko ruwan leda ba za ta saya ba. Dada ta bar mu muka yi ta yi, sannan ta tambaye ni abin da yake karɓa a wurin mai shagon. Na ce gari da sukari. Ta ce to ba kuɗi ya ci ba, gari ya ci. A auna kwanon gari da na sukari, a cika su har su yi tozo, a kai wa mutumin, in ba ya raye a kai wa 'ya'yansa. Mu duka muka yi shiru.

Kafin magariba ƙanen ya kai ni maƙabarta. Ba alama, ba suna. Ya tsaya a wani wuri ya ce tsakanin nan ne da waccan bishiyar, don shi ma yana ƙarami aka yi. Muka yi addu'a ga duk wanda ke wurin. A hanyar dawowa yake gaya mini ya kai 'ya'yansa duka rigakafin sanƙarau, ko da maƙwabta na guna-guni. Gombe na cikin jihohin farko da aka fara ba da allurar MenAfriVac a ƙarshen 2011, wadda ta karya lagon nau'in da ya yi ɓarna a 1996. Wani nau'in ya taso ya yi ta'adi a Zamfara da Sakkwato a 2017, sannan a 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar a lokaci guda. Farfesa Idris Mohammed, wanda ya jagoranci kwamitin gwamnatin tarayya na yaƙi da annobar 1996, a Gomben nan ya dawo yana koyar da likitoci. Ƙanen bai san duk wannan ba, bai kuma buƙaci sani ba. Ya ga akwati ya dawo gida ba mai shi.

Bayan isha muka kira ɗan Billiri. Yana Jos, ma'aikaci ne, dattijo a cocinsu. Na yi masa bayani a taƙaice na miƙa wa Dada wayar. Da farko dariya ya yi, irin tasa mai ƙarfi, daga baya muryarsa ta sauya.

"Mama, don Allah ki bar maganar nan. Na yafe, na yafe duniya da lahira."

"Na ji, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma ka fara karɓa. In ya shiga hannunka, ka yi abin da ka ga dama da shi."

Ya yi magiya, ta ƙi. Ta ce a lissafa masa da kuɗin takalmin ƙwallo na hannu a yau. Ƙanen ya fita wurin mai POS a bakin titi, ya dawo da 'yar takarda. Can sai ga kiran ɗan Billirin, ya ce ya gani, ya karɓa, kuma in Allah ya kai mu Babbar Sallah zai zo Nasarawo cin tuwo, a tanadi mai yawa. Dada ta ce wannan yaro har yau bai bar ci ba. Ta sa na soke layin da biro.

Washegari na juya ta hanyar Bauchi, ta Tumfure da filin jirgin sama na Lawanti, da ledar gyaɗa da ta ce a kai wa jikokinta. Tun ina mota na saka cigiyar mai shago a zaurenmu. Kafin mu kai Alkaleri an tabbatar ya rasu da daɗewa, kafin mu kai Bauchi wani ya ce ya san ɗansa, yana sayar da hatsi a kasuwar Tudun Hatsi. Ƙanen ya je da kwanonin biyu a buhu. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya yi wa marigayin addu'a, sannan ya ce ba zai iya karɓa shi kaɗai ba, ba zai kuma iya yafewa shi kaɗai ba, domin wannan yanzu gado ne, su kuwa su goma sha ɗaya ne, uku mata suna aure a wajen gari. Ya ce a ba shi lokaci ya tuntuɓe su. Dada ta ce a bar masa buhun a rumfarsa har su gama shawara.